Ranar da Tarwaɗa ta Sha Gaban Shugaban Makaranta

Abubuwa da yawa na zamanin makaranta sun gushe mini, amma ranar da muka fito da mujallarmu ta farko tana nan a kaina har in mutu. Lokacin naira ba ta daɗe da maye gurbin fam ba, ina ajin ƙarshe a wata makarantar horon malamai a ƙasar Haɗeja. Malamin da ke koya mana tsara mujalla ya damƙa mini aikin shafuka, ya ce da shi zai ba ni makin ƙarshen shekara. In na faɗi, sai maimaita aji.

Kullum faɗansa ɗaya ne: kafin a taɓa injin buga takardu, a ninka fararen takardu, a sa wa shafuka lamba, sannan a warware a ga wane shafi ke zama kusa da wane. Ni kuwa a raina dariya nake masa. Mahaifina marubucin littattafan Larabci ne da hannu, a cikin tawada na tashi, wa zai koya mini littafi? Girman kai dai ya yi mini yawa a lokacin.

Ana saura mako guda bikin raba kyaututtuka, malam ya je Auyo gaisuwa, ruwa ya datse masa hanya. Na samu fili. Na zana shugaban makaranta a bangon mujallar, har da tabarau. A shafin ƙarshe kuma na zana wata ƙatuwar tarwaɗa da masunta suka kamo a kogi, gashin baki zaro-zaro. Muka yi ta juya inji har takardar da aka kawo daga Kano ta ƙare ƙaƙaf. Ni na ninka, ni na ɗinke da zare, ban bar kowa ya sa hannu ba don kada a raba yabo da ni.

Ranar biki aka raba wa manyan baƙi. Sai na ga kafaɗu suna rawa saboda dariya. Ashe na jera shafukan yadda hannuna ya saba a gida, mujalla tana buɗewa ta dama. Duk wanda ya riƙe ta irin riƙon boko, tarwaɗa ce ke masa maraba, shugaba kuwa yana can baya a kife bisa cinyoyin mutane.

Shugaba ya juya ta, ya sake juyawa, ya cire tabarau ya ce, "Wane ne ya ga kifi ya fi ni cancantar gaba?"

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Ana cikin haka sai mahaifina, wanda bai iya boko ba, ya buɗe tasa ta dama, ya ɗaga murya ya ce, "Madalla! Yau na ga littafin boko da ya san gabansa. Ɗana ne ya yi!" Wurin ya kece da dariya, har shugaban sai da ya dara. Ni kam hawaye ne ya cika mini ido, kunya da tausayin tsohon suka haɗe mini.

Washegari malam, wanda ya iso a kwalekwale ana tsakiyar biki, ya sa aka tattaro mujallun daga hannun baƙi, ya miƙa mini reza. Ya ce, "Takarda ta ƙare. Ka tsaga kowace ta tsakiya, ka jera, ka ɗinke ta hagu."

Na ce, "Malam, duka?"

Ya ce, "Ban da ta babanka. Shi kaɗai ka tsara wa, ya riƙe abinsa."

Kwana huɗu ina ɗinki, yatsuna duk huda. Makin da ya ba ni da ƙyar ya tsallakar da ni. Abin da na koya shi ne, abin da zai kunyata ka ba wanda ka jahilta ba ne, wanda kake ganin ka iya ne tun a gida. Na shekara talatin ina koyarwa bayan nan, ban sake tsara ko da takardar gayyata ba sai na fara miƙa wa wani na ga ta inda zai buɗe.