Ƙullin Bahago a Hannun Aataa Jokum

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko rana ta fito ko muna cikin watannin da take yi mana rowa, za ka ji takun Jokum yana gangarowa rumfar ƙungiyarmu ta masu tuƙa kayak, wato siririn kwalekwale na mutum ɗaya, nan bakin tekun garinmu Sisimiut, can kusa da ƙarshen arewacin duniya. Sai ya kunna murhu, ya ɗora butar kofi, sannan ya bi kwalekwalen da ke jere yana shafa cikin kowanne da tafin hannu. In ya tsaya a kan naka ya yi tsaki, to ka shirya shan faɗa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, ba wanda ya ɗauke shi aiki. Asabar mai zuwa zai ajiye aikin, don yatsunsa sun kumbura sun daina jin magana. Duk garin Aataa muke ce masa, wato kaka, har masu furfura.

Bai taɓa yarda da tef ɗin awo ba. Da jikinka yake auna maka kwalekwale: tsawo gaba uku na hannunka, faɗi kwankwasonka da dunƙulen hannu biyu. Ƙusa ba ta shiga, igiya ce ke ɗaure kowane katako, sannan a ɗinke da tamfol. Piitaq mai raba wasiƙu ya taɓa zuwa da zanen da ya sauko da shi daga intanet, yana ta ɗoki.

"Awon wane ne wannan?" in ji Aataa.

"Na wani gwani ne a Denmark."

"To kai masa ya shiga. Kai da wannan tumbin, in ka shiga sai dai mu binne ka da shi."

Muka yi ta dariya, Piitaq ya yi fushi na kwana biyu. A rana ta uku Aataa ya je har gida ya auna shi, tumbin da komai.

Ba dariya ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Sunana Maannguaq, kuma ina cikin waɗanda suka taɓa zagin wannan tsoho.

Mijina Ujarneq ya haɗa kwalekwalensa a tsakiyar falonmu, cikin hunturu guda, ina tsallake katako kafin in kai kicin ina mita. Bazara biyu kawai ya tuƙa shi, ciwo ya ɗauke shi. Duk watan Yuli ƙungiya kan tuƙa zuwa tsohon ƙauyen da aka haifi mahaifiyarsa, wanda yanzu ba kowa a ciki, tafiyar awa uku a buɗaɗɗen teku. Na ce bana zan je, kuma a cikin nasa. Amma akwai doka: ba mai fita da ƙungiya sai ya kife kwalekwalensa yana ciki ya taso da shi sau uku a gaban Bolette, shugabarmu. Dokar ba mugunta ba ce, sanyin ruwanmu ba ya barin mutum minti goma da rai.

Mako shida ina gwadawa. Ujarneq ƙato ne, ni kuwa ina yawo a cikin kwalekwalen kamar cokali a tukunya. Da na kife sai in zame in faɗo, a tsamo ni ina karkarwa. Bolette ta ce in ari na ƙungiya, na ce ko wannan ko in zauna gida. Saura kwana tara tafiya, Aataa ya miƙo mini tawul.

"'Yata, ba ke ce ba ki iya ba. Cinyarki ba ta kai katakon da za ki dogara da shi ba. Ba ni in buɗe shi in rage."

"Ba mai sa wa kwalekwalen Ujarneq wuƙa."

"To ki rataye shi a falo, kullum da safe ki riƙa gaishe shi."

"Kai dai tsoho ne marar tausayi! Yana raye ma ba ka taɓa yabon aikinsa ba."

Ya karɓi tawul ɗinsa ya wuce. Na ji kunyar maganar nan, har yau ina jinta. Washegari na same shi a rumfa na faɗa masa gaskiya. Ba katakon nake tsoron rasawa ba, ƙullin ne. Ujarneq bahago ne, ƙullinsa a juye yake, kuma mummuna. Aataa kansa ya sha cewa kamar kare ya tauna ya tofar. Amma ni in na leƙa cikin kwalekwalen, hannun mijina nake gani a kowace gaɓa, kuma shi ke nan abin da ya rage mini na hannunsa.

Ya zaunar da ni a ƙasa, ya auna daga kwankwaso zuwa dunduniya, ya dunƙula hannu a gefen cinyata, sannan ya ce kada in kuskura in leƙo sai bayan kwana huɗu.

Abin da ya faru a kwanakin nan daga bakin Bolette na ji. Kwana biyun farko bai taɓa kwalekwalen ba bayan ya farke tamfol. Zama ya yi da guntun katako da igiya, yana ƙulli da hannun hagu, da waɗannan kumburarrun yatsu. Ya ƙulla, ya ɗaga ya gwada da na Ujarneq, ya kwance. Ta ce har gumi yake yi don zafin ciwo, yana faɗa shi kaɗai.

"Ujarneq, ko a kabari sai ka wahalar da ni? Wa ya koya maka wannan ɓarna?"

Sai da hannunsa ya iya ɓarnar sannan ya fara aiki. Ya sauke katakon cinya, ya gajarta haƙarƙarin kwalekwalen guda bakwai, ya matso da matokarin ƙafa. Matan ƙungiya suka taru suka mayar da ɗinkin cikin yini guda.

Ran da na shiga, kwalekwalen ya kama ni kamar takalmin da aka ɗinka mini. Na kife, duhu da sanyi suka rufe ni, na tokara cinya, sai ga ni a sama ina ganin rana. Sau uku. Piitaq ya yi ta ihu har ya kusa faɗawa ruwa. Na je ƙauyen nan da ƙungiya, na zauna a bakin kangon gidan surukata na yi kuka son raina, na ci busasshen kifi, na tuƙo na dawo.

Da muka dawo na zura kai cikin kwalekwalen da fitila. Na san a tsakiya aka yi aikin, amma inda hannun Ujarneq ya tsaya na Aataa ya fara, na kasa ganewa. Na je na tambaye shi wanne ne nasa.

"Nawa? Ni zan yi wannan ƙazamin ƙulli? 'Yata, kada ki ɓata mini suna a garin nan."

Aataa, kai ne gwanin da ya ajiye gwanintarsa ya koyi kuskuren wani, don kada wata mai taurin kai ta rasa mijinta sau biyu. Kai ne na zaga ka miƙo mini alheri. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, to ni na kira shi a nan.

Ku da za ku gaji rumfar nan, awon gaba da dunƙulen hannu ba shi da wuyar koyo. Ku koyi ɗayan: ku tambayi mai kwalekwale abin da yake tsoron rasawa kafin ku ɗauki wuƙa.

Na gode, Aataa Jokum. Kwalekwalen ya zama daidai jikina, kuma har yau na Ujarneq ne.