Ranar da Sarauniya Ta Yi Atishawa

Duk Ƙofar Kuyambana ba wanda ke kiran Malam Bahago da sunansa yanzu. Yarhamukillah ake ce masa, har matarsa Asma'u in ta so tsokana.

Wani fim ne ya jawo masa, na mutanen ƙasashen sanyi can gabashin Turai, labarin wata sarauniyar zamanin da mai bautar gunki, wadda kyarketai ke yi wa gadi. Bahago ne ya fassara shi, kuma shi ne muryar kowa a ciki: sarauniya, boka, mayaƙa, har doki in ta kama. Ana tsakiyar fim, sarauniya na tsaye gaban gunkinta mai fuska huɗu, hayaƙin turaren boka ya shige mata hanci, ta yi atishawa. Rubutun Turancin da ke ƙasa bai ce komai ba. Amma bakin Bahago bai jira rubutu ba. Ya siranta murya ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya kumbura murya a madadin boka mai ƙaho a ka, ya amsa, "Yarhamukillah."

Ɗan gidan malamai ne, haifaffen cikin birni. Tun yana makarantar allo yake shan bulala saboda kwaikwayon muryar malam, tari da gyaran murya duka. Shekara talatin yana masinja a sakatariya, yana kwaikwayon manya a bayan idonsu. Da ya yi ritaya, zaman gida ya nemi ya kwantar da shi. Sai Zaharaddini, mai ɗan situdiyon fassarar fim a unguwar Tukur-Tukur, ya ce, "Baba, gwaji ɗaya. In ya karɓu, kujerar taka ce."

Fim ɗin sarauniyar nan shi ne gwajin. Ba a lura da atishawar ba sai da fim ya riga ya bazu a wayoyi. Zaharaddini ya dafe kai.

"Baba, ka kashe ni! Matar nan fa yanzu ta gama yanka wa gunki baƙin sa!"

Bahago ya ɗauki hularsa ya tafi gida. Kwana uku masallaci kawai yake fita, ya dawo ta bayan layi. Kujerar da ya jira tun yana yaro, atishawa ɗaya ta ture ta. Asma'u ta lallashe shi, amma takan juya baya kafaɗunta na rawa don dariya.

Rana ta huɗu sai ga Zaharaddini a ƙofar gida, yana sosa ƙeya. Wai masu tura fim a waya sun hana shi sakat, kowa sarauniyar Yarhamukillah yake nema, har tsofaffin da ba su taɓa kallon fim ba.

"Baba, gobe ka fito aiki. Amma don Allah, kada boka ya ja salla."

Har yau yana kan kujerar. Rannan a majalisa Idi wanzami ya taso shi gaba.

"Malam, mun ji ka musuluntar da sarauniya. Yaushe za ta sauke farali?"

Bahago ya gyara zaman hularsa da hannun hagu.

"Ni ban musuluntar da kowa ba, Idi. Amma baƙuwa ta yi atishawa a gabana, cikin wannan uban sanyi, in yi shiru? Ba haka Umma ta rene ni ba."