Motar da Ba Ta Jiran Gaisuwa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Ƙofar Marusa a Katsina, mu uku da direba. Akwai ni, tsohon malamin labarin ƙasa da ya ajiye alli. Akwai Alhaji, dattijon unguwarmu, wanda ya girme ni da shekara shida kuma bai taɓa bari na manta ba. Sai Injiniya, yarinyar da na koyar a aji uku, wadda yau taswirar gari ke hannunta. Legas muka nufa, kuma ba yawon buɗe ido ya kai mu ba.

Ga masu tambaya a ƙarƙashin hotunan da na saka a shafina na intanet, ga dalilin tafiyar. Ana shirin shimfiɗa layin manyan motocin bas daga Ƙofar Kaura, ya biyo ta wajenmu, ya ɓulle Ƙofar Sauri. Ba irin bas ɗin da muka sani ba ce. Wannan hanyarta daban, an killace ta, keke da mashin ba su shiga, kuma ba ta tsayawa sai a tasha. Kuɗin aikin daga wuri uku za su fito: hukuma ta kawo nata kason, 'yan kasuwa su sayi motocin, kaso mafi tsoka kuma rance ne daga wani bankin raya ƙasa. Bankin ya ce ba zai saki ko kwabo ba sai kowace unguwa da za a kafa wa tasha ta sa hannu. Kowa ya sa, saura mu.

Matsalar ita ce taswira ta ɗora tasharmu daidai gindin bedin ƙofar gidan Alhaji, iccen da Kanawa ke kira darbejiya. Nan majalisar unguwa ke zama tun ban fara aski ba. Za a sare shi a kafa rumfar ƙarfe. Alhaji ya ce bai yarda ba, kuma a unguwarmu babu hannun da zai riga nasa taɓa takarda. In wata ya ƙare ba mu sa ba, za a goge tashar, motar ta riƙa wuce mu muna kallo.

"Motar da za ta wuce ƙofar gidana ba sallama," in ji shi, "kuma ni zan sare mata icce? Malam, mi na yi ma wagga ɗalibar taka?"

Injiniya ta durƙusa ta ce, "Baba, ka zo ka gan ta inda take aiki. In ka gani ka ce a'a, da hannuna zan goge tashar."

Damina ta yi kyau bana. Tun daga Charanci har Kankiya gero ya rufe gonaki, dawa na biye, ko'ina kore shar. Mun tsaya Gidan Mutum Ɗaya shan shayi, inda na biya wa mutum huɗu shayi da burodi da ƙwai abin da ya fi albashina na farko. Na gaya wa mai shayin haka, ya ce Allah ya ji ƙan wancan zamanin, bai rage ko sisi ba. Direbanmu ya tsaya sau uku kafin Bichi, duk don gaisawa da mutanen da ya hango a bakin titi. Babu wanda ya ga laifinsa a cikinmu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga Kano muka hau jirgi. Shekara talatin ina zana wa yara gaɓar tekun Legas a allo da shuɗin alli, ina nuna musu inda ruwan gishiri ke shigowa cikin ƙasa, har ina bulala a kai. Ban taɓa ganinta ba. Da jirgi ya karkata na leƙa taga, sai ga zanen nawa kwance a ƙasa, ya yi girman da allo bai taɓa gaya mini ba. Ruwa har inda ido ya ƙare, gadoji a kansa kamar zare, rufin gidaje kuwa kamar an zazzage buhun ashana. Na kafe taga da ido. Alhaji ya ɗauka tsoro ne, ya miƙo mini goro.

A Agege muka sauka, cikin 'yan uwanmu Hausawa, gidan wani Bakatsine da ya yi shekara arba'in can amma har yau da "mi" yake tambaya. An kawo mana amala da wata koriyar miya mai yauƙi da suke kira ewedu. Na ɗanɗana da girmamawar da ake yi wa baƙon abu, ashe lalonmu ne ya je birni ya sauya suna. Burodinsu kuwa ya cancanci sunan da ya yi, ka ja shi ya biyo ka.

Da safe Injiniya ta ba kowannenmu kati, ta ce shi ne kuɗin mota, a ɗan goga shi a jikin wata na'ura a bakin ƙofa. Tashar a tsakiyar titi take, sai an hau gada an sauko. Gwiwoyin Alhaji sun faɗi ra'ayinsu a kan matakalar, nawa suka goyi baya. Muna isa sai ga motar, doguwa, shuɗiya, ta zo ta tsaya daidai bakin dakali kamar an auna da ma'auni. Ƙofa ta buɗe da kanta. Injiniya ta goga kati ta shige, tana zaton muna bayanta.

Muna bayanta kam, amma ga ƙofa ɗaya ga dattawa biyu.

"Bismillah, Alhaji."

"A'a, Malam, ilimi ne gaba."

"Shekaru fa, ranka ya daɗe?"

"Kai ka koyar da 'ya'yana. Shiga mana."

Mutanen Legas suka ratsa ta gefenmu kamar ruwa ya sami duwatsu biyu. Ina cikin kawo hujja ta uku ƙofa ta rufe. Abin da na gani na ƙarshe shi ne fuskar Injiniya a jikin gilashi, baki buɗe, tana tafiya Oshodi ba mu.

Ta bugo waya ta ce kada mu motsa, mu hau ta gaba. Ba mu gama jimami ba ta gaban ta iso. A raina na ƙudurta zan shiga ba tayi. Ashe Alhaji ma haka ya ƙudurta. Muka taka tare, kafaɗa ta bugi kafaɗa, kowa ya ja da baya yana ba da haƙuri, kowa yana cewa laifinsa ne. Ita ma ta tafi.

Wata Bayarabiya mai kwandon kaya, wadda ta kai sa'armu, tana zaune tana kallonmu tun farko. Ta yi magana da Hausar Agege, tsaf.

"Baba, ku biyun nan aure kuke ɗaurawa? In ta zo, mai farin gemu gaba, mai gilashi baya. Na yanke."

A rayuwata ban ga hukuncin da aka karɓa da sauri haka ba. Mota ta uku ta same mu a jere kamar 'yan aji ɗaya.

Ciki a cike yake, sanyi na sauka daga sama. Kafin Alhaji ya kama ƙarfe, wani mutum mai kwat da laktaye ya miƙe daga kujerarsa, ya nuna masa da hannu. Bai yi sallama ba, bai cire abin da ke kunnensa ba. Alhaji ya zauna ya fara jero masa godiya tun daga iyaye, mutumin ya ɗan sunkuyar da kai, ya koma kallon wayarsa. Alhaji ya daɗe yana dubansa.

Sai motar ta ɗauki hanya, nan ne na ga abin da ban iya zanawa a allo. A gefenmu titi ya cushe, layi huɗu, motoci tsaye cak har inda ido ya kai. Ga rawayen motocin haya, ga tankoki, ga manyan jif masu baƙin gilashi waɗanda a garinmu ake buɗe wa hanya. Masu talla na yawo a tsakaninsu hankali kwance, don sun san babu mai motsi. Mu kuwa muna sulalawa ta gefensu, mai kwando da mai kwat da tsofaffin Katsinawa biyu, ba ham, ba birki, ba kwandasta a rataye a ƙofa. Wani ɗan siririn dakalin siminti, wanda bai kai gwiwa ba, shi kaɗai ya raba mu da su. Na karanta tarihin manyan ganuwoyi, har tamu ta Katsina, ban san wadda ta yi aiki da ƙaramin jiki irin wannan ba.

Mai kwandon ta ce a da tun duhu take barin gida don ta sami kasuwa, yanzu sai ta sallami jikokinta makaranta. Na lura Alhaji ya fito da carbi, amma ba a kan hanya yake ja ba, sai an tsaya a tasha. Ƙofa na buɗewa ya fara, tana rufewa ya dakata ya duba inda yatsansa yake. Auna tsayuwar yake yi.

"Ko sulusin carbi ba ta kaiwa," ya raɗa mini. "Direbanmu na jiya da tuni an kore shi."

A Oshodi muka tarar da Injiniya ta kusa kuka, ta rasa ko faɗa za ta yi ko gaisuwa. Tashar kanta gini ne hawa-hawa, motoci na shiga suna fita ta ƙarƙashinsa kamar tururuwa, kowace ta san raminta. Daga nan ta kai mu wajen wani ma'aikaci da ya san harkar, ya zaunar da mu ya yi bayani, ita tana fassarawa. Ya ce katin nan shi ne ƙashin bayan komai, don kuɗi ba ya bi ta aljihun kowa. Daga shi ake sayen mai, a yi gyara, a biya direba, a rage rance. Ya ce in kowace mota ta ƙara minti ɗaya a kowace tasha, sai an ƙaro motoci kafin a ɗebe mutanen da ake ɗiba yanzu, ƙarin motoci kuwa ƙarin rance ne a wuyan gari.

Alhaji ya juyo gare ni. "Wato abin da muka yi ɗazu, ni da kai, kuɗi ne?"

Na ce da alama mun ci wa Legas wani abu, Allah ya sa ba su rubuta ba.

Da za mu koma masauki ya tsaya yana kallon masu jiran mota. Mutum ya fi hamsin a ƙarƙashin rumfar ƙarfe, rana ta gasa ta, kowa kansa a kan waya, babu mai ce wa wani ina gajiya. Ya girgiza kai ya ce, "Ga lokaci nan zube, ba mai ɗauka." Daga wannan bai ƙara cewa komai a kan maganar ba, har jirgi, har Kano, har Kankiya. Injiniya ta yi ta satar kallona, ni kuwa na yi ta kallon gero.

Bayan la'asar muka iso gida. Majalisa ta cika a gindin bedi, har da waɗanda rabonsu da zama tun bara. Sai da aka gama sannu da zuwa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen Legas ɗaya bayan ɗaya kamar an san su, sannan Alhaji ya ce a shimfiɗa taswira a kan tabarma. Ya ɗora carbinsa a kan zanen rumfar.

"Wagga ba mu so. Icce shi ne rumfa. A matsa da dakalin gaba kaɗan, mai jira ya jira a nan cikin inuwa, ya gaisa har ya ƙoshi. Amma in mota ta tsaya, babu bismillah, babu kai ne gaba. Na kusa da ƙofa ya shiga, ko jikana ne. Girman a ba ni shi a ciki, a kan kujera. Na ga inda ake haka, kuma ban ragu da komi ba."

Injiniya ba ta jira gobe ba. Ta ɗauko igiyar awo daga mota, ta auna daga gindin iccen zuwa bakin titi, ta zagaya saiwoyin, ta yi 'yan rubuce-rubuce. Ta ce dakalin zai matsa taku goma sha biyu, kuma kuɗin rumfa ya fita daga lissafi, ba ta kuwa taɓa jin bankin da ya yi fushi don aiki ya yi sauƙi ba. Alhaji ya karɓi biro ya sa hannu da ajami. Sauran suka bi layi, ba wanda ya yi wa wani tayi.

Na tafi da zaton zan ga ƙarfe da siminti, na kuwa gan su har sun cika mini ido. Amma abin da na dawo da shi ya fi ƙanƙanta. Layin bas ba a kan titi kaɗai ake shimfiɗa shi ba, sai an sama masa wuri a cikin ɗabi'ar mutanen da za su hau, kuma wannan ba ya fitowa a taswira sai an zauna a tabarma. Mu da muka yi shekaru muna tsayar da mota don gaisuwa ba sai mun bar gaisuwar ba, wuri kawai za mu sauya mata.

Da aka kira magariba muka tashi, Alhaji ya ce in shigo in yi alwala. Muka isa ƙofar zaure tare. Na tuna sabuwar doka, na ga ni ne kusa, na ɗaga ƙafa. Sai na ji an riƙe mini hannun riga.

"Ina za ka, Malam? Nan ba mota ba ce."

Na ja da baya na ce, "Bismillah, Alhaji."

Ya gyara tsayuwa, ya ce, "A'a. Ilimi ne gaba."