Koyon Kitso a Gidan Gwaggo

Shekarar da aka kawo ni Magariya daga ƙauyenmu na wajen Kwaya, na zo da tabbacin cewa na iya kitso. Hujjata kuwa masara ce. A gida, duk damina, babu goyon masarar bayan ɗakinmu da ban kitse wa gashi ba, kuma ba a taɓa samun mai ƙorafi ba.

Zamanin Nasara ne. Maigidana mai jakai ne, in lokacin cinikin gyaɗa ya yi sai ya riƙa kwaso buhuna daga ƙauyuka zuwa wurin awo, daga nan manyan motoci su yi Kano da ita. Gidan da muka zauna na gwaggonsa ne, yayar mahaifinsa, kuma ita ce mai kitson unguwar. Doguwar mace ce siririya, magana tana yi mata wuya kamar sayenta take yi. Kayan aikinta tabarma ce a gindin ceɗiyar tsakar gida, da tsinken ƙarfe, da matsefin itace, da ƴar ƙwarya ta man shanu. Mace za ta zo ta kwanta rub da ciki, ta ɗora kanta a cinyar Gwaggo, ba ta tashi sai ta koma wata daban.

Ban daɗe da zuwa ba na durƙusa gefen tabarmar na ce, "Gwaggo, ni ma na iya."

Ta dubi hannuwana, ba ta dubi fuskata ba. "Kan wa kika yi?"

"Na masara."

"Ta sake dawowa?"

"An gasa ta, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai kamar an ba ta labarin rasuwar wanda ba ta sani ba, ta miƙo mini matsefi. Daga ranar aikina ya zama tsifa. Duk wadda ta zo da tsohon kitso, ni zan kwance shi, in wanke kan, in taje, sannan in matsa gefe Gwaggo ta karɓa. Akwai kan da ya yi watanni ba a taɓa shi ba, man shanu da shuni da ƙurar gona sun haɗu sun zama ƙasa, in an zuba iri zai tsira. Mutane suna cewa kada a yi kitso da ƙwarƙwata, suna nufin wani abu na zaman duniya. A gidan Gwaggo ƙwarƙwatar ake nufi, kuma ni ce mai cire ta.

Damina guda na yi a haka. Ina kwancewa ina ganin inda kowace jela ta faro da inda aka ɓoye ƙarshenta, yatsuna suna ƙaiƙayi, amma babu wadda ta ba ni kanta. Mace za ta iya ba baƙuwa ɗanta ta riƙe mata, amma ba kanta ba.

Bayan dangarmu gidan wani gardi ne, irin dogaran Nasara masu jar hula da ke aiki a bariki. Yana da doki ja da yake ɗaurewa jikin dangar. Da rana, in dokin ya ja baya yana neman inuwa, wutsiyarsa takan shigo gidanmu ta wata kafa tsakanin karare. Doguwa ce, baƙa, mai santsi. Wata rana da azahar, gida ya yi tsit kowa yana hutawa, na zauna na kama ta. Dokin ya juyo ya dube ni ta saman danga, ya koma cin harawarsa. Na tsaga, na kitsa ƙanana-ƙanana, na tattara su na ɗaure a ƙasa yadda na ga Gwaggo tana yi wa matan Barebari. Na yi niyyar kwancewa kafin magariba, sai aka aike ni rijiya.

Washegari gardin ya hau dokinsa ya tafi bariki, ya shiga layi gaban kumandan, Nasaran da ke mulkin garin. Abin da ya faru can mun ji shi ne daga baya. An ce Nasaran ya zagaya dokin, ya tsaya ta baya, ya daɗe yana kallo, sannan ya faɗi wata magana da Faransanci. Da aka tambayi tafinta, sai ya ce Nasara ya ce ya gani. Babu wanda ya san yabo ne ko faɗa, har shi gardin. Da yamma ya yi sallama a ƙofar gidanmu yana tambaya. Maigidana ya ce masa shi mai jakai ne, bai san lamarin dawaki ba.

Da safe matar gardin ta shigo. Bazabarma ce daga can yamma, bakin kogi, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen kayan miya ba. Ba ta da kowa a garin. Ta gaida Gwaggo, ta tsuguna, ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana wani irin kitso da yatsa: jeloli suna gangarowa daga tsakiyar kai, biyu suna saukowa gefen fuska. Ta nuna kanta, ta nuna yamma. Kitson garinsu take so.

Gwaggo ta ce ita ba ta kitsa abin da ba ta taɓa gani a kan mutum ba. Matar ta nuna danga, ta nuna wurin da wutsiya ke shigowa, sannan ta dube ni. Ashe ta gan ni.

"To," in ji Gwaggo. "Tun da dokinku ya gamsu."

Wannan shi ne kan mutum na farko da na samu, kuma na ƙudura kada gashi ko ɗaya ya kuɓuce mini. Na kama shi yadda na kama wutsiya. Na ja, na matse, na ƙara ja. Na ji ɗumin hawaye a cinyata, na ce a raina kewar gida ce, kitson ya tuna mata da uwarta. Sai na ƙara himma.

Da ta tashi, kitson ya fito kamar yadda ta zana, ko ni na yi mamaki. Sai dai girarta ta hau sama ta tsaya, idanunta sun buɗe, kamar wadda aka tare da wani babban labari. Ta yi godiya ta fita a haka. A rijiya mata suka riƙa tambayarta lafiya, me ya faru, ko an aiko daga gida. Ba ta da Hausar da za ta amsa.

Kwana ta yi ta dawo, ta ɗaure kai da ɗankwali, goshinta ya yi ƙuraje a bakin gashi. Ta nuna mana da hannu cewa a zaune ta kwana. Gwaggo ta sa ni na kwance da hannuna, ita kuma ta shafa mata man shanu a hankali har girar ta sauko mazauninta. Bayan matar ta tafi na jira faɗa. Gwaggo ta goge tsinkenta da gefen zane ta ce, "Doki ba ya kwana kan wutsiyarsa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Na je bayan rumbu na yi kuka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar ta yarda da ni alhali ba wadda ta yarda, ta kwanta tana hawaye ni kuwa ina jin daɗin kaina. Labari ya zaga unguwa, aka sa mini suna mai kitson doki. Na koma tsifa. Gardin kuma ya sauya wa dokinsa turke.

A gidan akwai kakar maigidana, mahaifiyar Gwaggo, tsohuwa tukuf, idonta ya soma dushewa amma kunnenta bai bar komai ya wuce ba. Wata rana ta kira ni ɗakinta, ta zame ɗankwali. Abin da ya rage mata furfura ce ƴar kaɗan, laushi kamar audugar rimi.

"Zo ki koya a nan, ƴar nan," ta ce. "In kika ja, zai biyo ki. Kuma ba ni da wani."

Gaskiya ta faɗa. Ranar farko na ɗan ja, sai ga gashi a hannuna. Ta karɓa ta duba kusa da ido, ta cusa a ƙarƙashin tabarma, ta ce in ci gaba. Daga nan na koyi riƙe gashi da yatsu ba da ƙarfi ba, in bar fata ta zauna inda Allah ya ajiye ta. Kullum bayan la'asar ina kitse mata, da safe in kwance. Ba ta fita ko'ina, ba mai gani, amma takan shafa da hannu ta gaya mini inda ya karkace. Haka muka yi har rani ya ratsa.

Ranar jajiberin Salla babu ranar da ta kai ta aiki a gidan mai kitso. Tun da hantsi tsakar gidanmu ta cika da mata, kowace na tsefe ta, kai ya tashi buzu-buzu, suna jiran layi. Gwaggo ta gama na farko, ta tashi ta ɗebo kara za ta tura a murhu, kunama ta harbe ta a yatsa. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi kunamar, ta taka ta, ta dawo ta zauna. Kafin a kawo magani hannun ya kumbura, yatsun ba sa lanƙwasuwa.

Matan suka dubi hannun, suka dubi juna. Wasu suka ɗaura ɗankwali suka nufi wata mai kitso a ƙarshen gari, ba da jimawa ba suka dawo, can ma ba wurin zama. Babu wadda ta dube ni. Ina tsaye da matsefi kamar an dasa ni.

Cikinsu akwai wata matar makiyaya daga wajen Sassumbrum, wadda takan kawo wa Gwaggo man shanu. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta.

"Ni tafiya ce a gabana," ta ce. "Ke yarinya, zauna."

Wata ta matso kusa da ita ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Ita ce fa ta doki."

"Mu ma da dabbobi muke zaune," in ji ta, ta kwanta ta ɗora kanta a cinyata.

Na ɗauki tsinken Gwaggo, wanda ban taɓa riƙewa a gabanta ba, na ja tsaga daga goshi zuwa ƙeya. Gwaggo tana zaune gefe da hannunta a sama, an shafe shi da baƙin magani.

"Sake," ta ce.

Na sake.

"Sake."

Na sake. Tsagar ta miƙe, na fara. Gashin matar dogo ne mai yawa, bayan furfurar Kaka sai na ji kamar an sake ni a gona. Ban ɗaga kai ba, amma ina jin numfashin mata a wuyana. Na kai rabi sai na ji kan ya yi nauyi a cinyata. Can sai ga minshari, a hankali da farko, sannan sosai. Yawunta ya jiƙa mini zane.

Gwaggo ta juya wajen matan. "Ta yi barci," ta ce, kamar mai shelar ganin wata.

Da na gama sai da aka tashe ta. Ta shafa kanta, ta motsa gira sama da ƙasa don ta tabbatar, ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanya. Ba ta kai ƙofa ba wadda ta yi maganar doki ta riga kowa kwanciya. Na yi ta yi har rana ta faɗi, bayana ya ƙage, yatsuna sun daina jin komai. Waɗanda ban kai gare su ba suka yi Salla da ɗankwali.

Matar gardin ba ta cikinsu. Kafin lokacin an mayar da mijinta Damagaram, sun tafi. Na so ƙwarai in sake yi mata kitson garinsu yadda za ta kwana a kansa. Ban samu ba.

Da hannun Gwaggo ya warke, ta koma tabarmarta, ba ta ce mini aikina ya yi kyau ba. Sai dai wata safiya na fito na tarar an shimfiɗa tabarma ta biyu a gindin ceɗiya, da sabon tsinke a kai, daga maƙera. Na tambaya ko baƙuwa za a yi. Ta ce tabarmar ce take neman shan iska.

Bayan wasu watanni, ranar da babu kowa, ta zo ta tsaya a kaina, ta zame ɗankwali, ta kwanta ta ɗora kanta a cinyata. Ban taɓa ganin kanta a buɗe ba. Ashe ita da kanta take kitsa shi a ɗaki da lalube, shi ya sa duk ya karkace ta ƙeya. Ban faɗa mata ba. Tun daga tsagar farko har jelar ƙarshe tana gyara mini, fuskarta a ƙasa, ba ta ganin komai. Da na gama ta tashi ta shafa, ta ce na hagu ya fi na dama girma. Ta mayar da ɗankwalinta, ta ce in je in duba tukunya.