Ramalan da ramin birkin kekena

Malam Ramalan ɗan maƙera ne daga Rurum. Ya yi shekara goma sha a Kano yana gyaran keken ɗinki, sannan ya dawo ya kafa rumfa a bakin kasuwar Kibiya yana gyaran kekunan hawa. Lokacin da na san shi, 'yan shekaru bayan ƙaddamar da Shari'a, babura sun cika gari, yanar ido kuma ta fara rufe masa gani. Mutane sukan ce aikinsa ya ƙare.

Ni malamin dabbobi ne, ina zagaya rugagen Fulani da allura. Na sayi keken gwanjo mai giya, irin na hawa dutse, wanda birkinsa ke kama faifai a tsakiyar taya. Wata rana ina gangarowa daga rugar Bappa Bello, na matse birki, sai na ji ƙaras, kan birkin ya saki yana lilo. Gonar dawa ce ta tare ni. Ramin da kusar birkin ke shiga, a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ya cinye sumul, zaren cikinsa da ke kama kusar ya goge. Masu gyara biyu a Rano suka ce alminiyam ne, ba ya ɗaukar waldarsu, sai dai in yar.

Ran kasuwa na tura shi wurin Ramalan. Bai ko duba ba. Ya zura tsinken tsintsiya cikin ramin, ya juya a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraron magana.

"Malam Ishiyaku, kai ka ɗaure kusar nan?"

"Ni ne, Baba."

"Da ƙarfi ka ɗaure ta, kuma a karkace. Saura zare biyu can ƙasa, su ma sun gaji. Zauna."

Ya zazzage gwangwanin kusoshi a kan buhu, yana bin kowace da farcen babban yatsa, har ya ware biyu masu kauri. Ya ɗauki magagari ya yi wa ɗaya tsaga uku a tsaye, ya gasa ta a garwashi har ta yi ja, ya tsoma a ruwa. Ya faɗaɗa ramin kaɗan, ya ɗiga man gyaɗa, ya shiga murɗa wannan kusa a ciki: gaba kaɗan, baya kaɗan, ya hure gari. Da ya zare ta, sai ga sabon zare yana sheƙi.

Na ce, "Baba, ai yanzu ramin ya fi ƙarfin kusar birkin."

Ya ce, "Gida za mu gina mata."

Ya danne kusa ta biyu, ya huda tsakiyarta da abin huji na hannu. Kaurin da ya rage a gefe bai fi na ɓawon gyaɗa ba, kuskure kaɗan ya fashe. Mutumin da ba ya gane fuskata sai na yi magana! Wani mai tumatir ya bar kwandonsa ya zo ya tsaya. Ramalan ya yanka zare a cikin hujin, ya gutsure guntu, ya murɗa shi cikin ramin har ya yi daidai da baki. Ya miƙo mini kusar birkin.

"Da yatsa za ka fara. In ta ƙi, kai ne ba daidai ba."

Ta shige kamar a cikin man shanu. Mai tumatir ya ce, "Allahu Akbar!"

Labari ya bazu. Manoman rani suka riƙa kawo masa injinan ban ruwa waɗanda kusoshinsu suka cinye, har daga Yalwa. Ya yi shekara shida a kan wannan aiki. Ya rasu da damina, ranar wata Laraba, bayan ya idar da sallar azahar a rumfarsa.