Ranar da Baba Ya Sa wa Birkin Tarago Mai

Ni ba mai fita ba ce. Ko a gidanmu haka nake, balle da aure ya kawo ni gidan da ke bayan wata 'yar tashar jirgin ƙasa, yamma da Kura, inda katanga ɗaya ce ta raba ni da layin dogo. Ƙafata tana tsakar gida, kunnena kuwa kullum yana waje. Inna, uwar maigidana, takan ce da ana sayar da kunne a kasuwar Bunkure da tuni na yi bene.

Shekarun nan ne da aka hana shigo da alkama daga waje, kowa ya duƙufa noman rani. Ruwan dam ɗin Tiga yana bin kanal, wato magudanar da aka gina, har bakin gonaki, alkama nan, albasa can, tumatir har ya rasa mai ɗauka. Jirgin kaya yakan zo da taki, ya yanke tarago ɗaya ya bari a ɗan layin gefe, ya wuce abinsa. Daga nan babu inji, sai kafaɗar mutum. Leburori su tura taragon bakin rumfar kaya, in an sauke taki an cika shi da albasa, su ƙara tura shi gaba inda jirgi zai ɗauka. Layin nan yana da gangara, irin wadda ido ba ya gani amma ƙarfe yana ji. Ƙarshensa tsibin ƙasa ne, bayan tsibin kuma babban kanal, mai zurfin da ya shanye mutum a tsaye.

Aikin maigidana shi ne ya tsayar da abin da mutum goma suka tura. A bayan tarago akwai wani kewayayyen ƙarfe kamar sitiyarin mota. Sai ya taka matakala ya tsaya, taragon na tafiya da shi, ya yi ta murɗawa. Murɗawar nan tana jan sarƙa, sarƙar ta ja wasu ƙarafa masu kauri da suke kira takalmi, takalman su dafe ƙafafun tarago har ya tsaya. Ban taɓa ganin wannan da idona ba a lokacin. Amma na san shi kamar yadda na san tafasar tukunyata. Waƙar leburori tukuna, sannan sarƙa kacau, kacau, sannan kukan takalmi, ƙiiii, mai shiga har haƙori. Sai na ji kukan nan ya mutu nake ci gaba da abin da nake yi. Kafin nan, ko taɓarya ce a hannuna, a sama take tsayawa.

To, a ranin nan aka kawo wani tarago mai taurin kai. Sitiyarinsa ya yi tsatsa, in ana murɗa shi gurnani yake kamar raƙumin da aka ɗora wa kaya. Kwana uku maigida yana fama da shi. Kafaɗarsa ta dama ta kumbura, ina gasa masa da ruwan zafi, ina mulke ta da man shanu, yana cije leɓe.

Laifina a nan shi ne baki. Allah ya yi ni da surutu, abin da ya shiga kunnena ba ya kwana a ciki. Babana ya biyo da yamma, na zauna na zazzage masa labarin kafaɗar nan tas.

Baba shi ke kula da ƙofofin ruwa a ɓangarenmu. Su ma sitiyari gare su, a murɗa ruwa ya shiga gona, a murɗa ya tsaya. Duk tsawon kanal ɗin ba ƙofar da ke ƙara a hannunsa. Gwangwanin baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga injin ban ruwa, a rataye yake a kekensa kamar butar alwala. Amalanken maƙwabci, ƙyauren masallaci, tayar baro, duk abin da ya yi ƙara a gabansa sai ya sha. Cewa yake ƙarfen da ke kuka ƙishirwa yake ji. Ga kuma surukuta. Shi da maigidana, in sun haɗu, wannan ya durƙusa, wancan ya kau da kai, a gaisa a rabu. Baba ba zai taɓa tsayar da surukinsa ya ce ga shawara ba, maigidana ba zai taɓa ɗaga ido ya tambaye shi komai ba. Baba dai ya saurare ni, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya hau kekensa.

Washegari da safe maigida ya fita gwada birki kamar kullum, ya sassauta, ya sake ɗaurewa. Ina bakin murhu ina jiran gurnanin raƙumi. Shiru. Na ji takunsa a kan matakala, na ji sarƙa, amma babu gurnani. Ya dawo shan koko yana murmushi, yana juya kafaɗa.

"Yau Allah ya sassauta ƙarfen nan," in ji shi. "Da yatsa biyu na murɗa."

"Haka kawai?"

"Ƙila ya gaji da ni ne. Ƙaro sukari."

Ya fita, ni kuwa zama ya gagare ni. Na ɗauki tsintsiya na ajiye. Na jiƙa wanki na manta shi. Na zuba gero a turmi, na yi dakan da bai kai goma ba na koma jikin katanga na kasa kunne. Leburori suna ta loda albasa, ina jin buhu yana faɗawa kan buhu, ina jin Alhajin da ke da kayan yana ƙirga da ƙarfi yana zagin wanda ya yar da buhu. Komai daidai. Amma na ci gaba da kai-komo a tsakar gida.

Inna tana kan tabarma tana murza ƙafafunta da suka daɗe da ƙin ɗaukarta. Ta bi ni da ido har ta gaji.

"Ke, ƙuma ce a zanenki? Tun safe kin auna gidan nan ya fi sau ashirin. Saye za ki yi?"

"Inna, birkin nan bai yi ƙara ba yau."

"To sai ki yi masa. Jiya kin ce ƙararsa ta hana ki sakat, yau kuma shirunsa. Ɗana dai ya ga ta kansa."

Na yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

Wajen hantsi sai ga sallamar Baba a zaure. Ba ya shiga cikin gidan suruki, a nan yake tsayawa. Na fita na durƙusa. Ya kawo mini latas da karas a ɗaure, amma kafin in ga ganyen hancina ya riga ya ji baƙin mai. Bakin hannun rigarsa duk ya yi baƙi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, yaya mai kafaɗa?"

"Da sauƙi, Baba. Ya ce yau ƙarfen ya yi laushi."

Ya yi wani murmushi yana shafa gemu, ya leƙa waje, ya rage murya.

"Kada ki gaya masa. Daga sallar asuba na biya. Ai abin tausayi, Uwata, ƙarfe ya bushe ƙamas. Na ba sitiyarin, na ba sarƙar. Na shiga ƙarƙashi na ga inda kukan yake fitowa, wasu ƙarafa ne manne da ƙafafun. Na shafe su tas, su da bakin ƙafafun. Gwangwani guda ya tafi. Yau ba mai jin ƙiii a garin nan."

Wallahi nan take na gane an yi ɓarna. Domin in akwai magana ɗaya da na haddace daga bakin maigida, ita ce wannan: sitiyari da sarƙa suna son mai, takalmi kuwa a bushe yake aiki. Na sha jin sa ta bayan katanga yana korar leburan da ya zauna cin ƙosai a gindin ƙafar tarago. Kamun takalmi shi ne kukan nan. In babu kuka, babu kamu.

Na buɗe baki in faɗa, na dubi fuskar tsohon nan, yadda take sheƙi don ya yi wa surukinsa alheri a ɓoye, sai harshena ya naɗe. Ni da ba a taɓa raba ni da magana ba. Na ce an gode, Allah ya saka. Ya hau keke ya tafi wajen ƙofofinsa.

Ina tsaye riƙe da latas ina lissafi. Aike zan yi? Wa zan aika, unguwa duk an tafi gona? In jira ya dawo azahar? Ai kafin azahar ake turawa. Ina cikin haka na ji faɗuwar buhu ta tsaya. Na ji an ja ƙofar tarago, garam. Sai wani ya ɗaga waƙar turi, sauran suka amsa.

Ban san lokacin da na figi mayafi ba.

"Ina za ki da hantsin nan?" in ji Inna. "Ke! Maza ne fa cike a wajen!"

"Ɗanki ne a kan taragon, Inna, kuma babu birki!"

Ban ji amsarta ba. Na bi jikin katanga a guje, na ɓullo ta bayan rumfar kaya. Ranar na fara ganin abin da na shekara shida ina ji. Ashe haka tarago yake da girma. Ya riga ya bar kafaɗun leburori, yana tafiya shi kaɗai, a hankali, kamar sa mai ƙoshi. Maigidana yana bayansa a kan matakala yana murɗawa. Sitiyarin ya kai ƙarshe, ya danna da ƙirjinsa, taragon bai ko yi tari ba. Sai ƙara sauri yake, sulululu, ba ƙara ko ɗaya, ya miƙi tsibin ƙasar nan.

"Mai ne!" Na ƙwala da duk muryar da Allah ya ba ni. "Mai ne a takalmin! Ku zuba ƙasa!"

Maza goma suka juyo suna kallona baki buɗe. Alhajin albasa ya ce, "Wannan kuma matar wa?"

Ban tsaya ba. Na yanki gaba, na cire mayafin, na kwashi yashi da shi, na watsa a kan dogo gaban ƙafar. Ni ba wani ilimi na yi aiki da shi ba, da yashi muke wanke tukunyar da ta yi maiƙo. Wani dattijo cikin leburorin ya gane, ya daka musu tsawa, suka bi taragon ta gefe biyu, wa da hula, wa da tafin hannu, wa da shebur. Ƙafafun da ke jiƙe da mai suka dinga ɗaukar yashin suna kai shi bakin takalmi.

"Diro!" suke ce wa maigidana. "Diro, kai!"

Ko waiwaye bai yi ba. Ya sassauta kaɗan, ya sake ɗaurewa, ya sassauta, ya ɗaure. Sai na ji ƙurrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Sannan ƙara ta fito, shaƙaƙƙiya. Dattijon nan ya jawo wani guntun katakon dogo ya cilla a gaban ƙafa, ƙafar ta tura shi tana ci, tana ci. Taragon ya je ya sa goshi a tsibin ƙasar, ya girgiza, buhuna suka yi gurnani a ciki, ya tsaya. Daga inda nake ina jin ruwan kanal yana wucewa.

Maigida ya sauko. Ya shiga ƙarƙashi, ya shafo takalmi, ya shinshina yatsunsa. Duk garin nan mutum ɗaya ne ke yawo da irin man nan. Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Shugaban tasha ya iso yana haki, Alhaji a bayansa yana salati yana kiran albasarsa.

"Wane mara hankalin ne ya yi wannan?" in ji shugaban.

"Ranka ya daɗe, ni ne ban duba ƙarƙashi ba da safe," in ji maigida. "Birkin a hannuna yake."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi ne abin da na sani, ranka ya daɗe."

Ya sha faɗa a gaban kowa, ya tsaya hannu a baya har aka gama. Aka ce taragon ba zai motsa ba sai an wanke kowane takalmi da kananzir. A lokacin na tuna kaina babu mayafi, ƙafata ɗaya babu silifa. Na yayimi mayafin da yashinsa na rufa, na koma gida ta inda na fito.

Ta bayan katanga na ji sauran. Ƙarar goga, warin kananzir. Can sai na ji an jingine keke, na san na Baba ne. Ba sallama, ba gaisuwa. Goga ɗaya ta zama biyu. Haka suka yi ta yi har aka kira la'asar.

Da maigida ya shigo, baƙi ƙirin har gwiwar hannu, na ajiye masa ruwa da sabulu. Na yi niyyar yin shiru, ban iya ba.

"Me ya hana ka dirowa? Suna ta ce maka ka diro."

"In na diro wa zai murɗa?"

"Murɗawar da ba ta kamawa? Da ka faɗa kanal da albasar mutane fa?"

Ya daɗe yana cuɗa hannu.

"Na so in diro," in ji shi. "Sai na hango ki kina kwasar yashi da mayafi. Ina zan sa fuskata?"

Inna ta ce daga kan tabarma, "Ku gama dai. Geron nan tun safe yake cikin turmi, kaji sun ci rabi, ni kuma ban ga mai niyyar ba ni abinci ba yau."

Na ɗauki taɓarya. Na ci gaba da surfen.