Dorinar Gonar Malam Basharu

Ɗanladi mai hoto ba haifaffen Gwandu ba ne, amma da wuya ka shiga gida a garin ba ka tarar da aikinsa rataye a bango ba. Mahaifinsa malamin firamare ne da aka turo daga ƙasar Zuru. Da ya yi ritaya ya koma gida, ya bar Ɗanladi da ɗan shago kusa da tasha. Tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu yake sana'ar. Da kwamfuta ta zo ya koye ta da ƙyar, har ya gwanance wajen haɗa hotuna: ya ɗauki mutum gaban labule, ya jingina shi jikin motar da bai taɓa shiga ba. Sai waya ta shiga hannun kowa, shagon ya koma na hoton fasfo kawai.

Lokacin da wata cibiyar koyon zane a Kalgo ta nemi ya riƙa koyar da ɗalibanta, ya riga ya haura hamsin. Idonsa na ruwa in ya daɗe gaban kwamfuta, ga ciwon baya. Matarsa Saratu ce ta matsa masa ya karɓa, ko ya rage zaman jiran masu hoton da ba sa zuwa. Ranar darasi sai ya hau bas zuwa Birnin Kebbi, ya sauka ya sake hawa wata, ya isa Kalgo a gajiye tun bai buɗe baki ba.

Abin da yake koya musu shi ne su haɗa hotuna daban-daban su fitar da abin da babu shi, amma ido ya yarda akwai. Kullum maganarsa ɗaya: su duba inda rana take, kada haske ya zo wa abu ta gabas inuwarsa kuma ta faɗi gabas. Rabinsu na latsa waya yana magana.

Wata rana da kaka ya ce bari ya nuna musu da hannunsa. Yana da hoton gonar amininsa Malam Basharu a fadamar Maruda, shinkafa ta nuna, ga giginyu a gefe, ga keken Basharun jingine. Ya samo hoton dorina a intanet, ya ƙara mata girma har ta kai tsayin ɗaki, ya tsayar da ita tsakiyar gonar. Ya kwantar da shinkafar ƙarƙashin ƙafafunta, ya shafa mata laka, ya ɗora mata belbela a baya. Har masu waya suka ɗago kai. Rabon da ya ji daɗin aiki irin na ranar, ya manta.

Wani ɗalibi mai suna Muzzammil ya roƙi hoton don ya gwada a gida. Da ya samu sai ya tura wa yayansa don nishaɗi, yayan ya tura wa abokai, ba wanda ya haɗa da bayani. Kafin mako ya zagayo har wani ya ɗora masa murya, yana rantsuwa dorinar ta cinye mutum biyu.

Ɗanladi na yanka hotunan fasfo sai ga Basharu ya faka babur. Ko gaisuwa ba su gama ba ya miƙa masa waya.

"Ɗanladi, mi na yi maka? Kekena ne wannan, gonata ce. 'Yan ƙwadago sun ce ba su yanka mini shinkafa. Tsuntsayen jan-baki na can suna cin ta."

"Wallahi darasi ne na yi wa yara, Malam."

"To taho ka gaya musu. Ni na faɗa har na gaji."

Ya rufe shago ya hau bayan babur, kwamfuta a cinya. A gindin wani durumi, gaban mai gari da mutanen Maruda, ya buɗe ya nuna musu gonar ita kaɗai, ya nuna dorinar ita kaɗai, ya haɗa, ya raba, ya sake haɗawa. Wani dattijo ya ƙura ido ya ce, "To ita wagga da ka nuna ita kaɗai, ina ka ɗauke ta in ba ta nan?" Wani kuma ya ce shi da kunnensa ya ji gurnaninta. Ɗanladi ya yi bayani har maƙogwaronsa ya bushe. Suka yi masa godiya, ba wanda ya ɗauki lauje.

Washegari ya dawo da tsohon wando. Shi da bai taɓa yankan shinkafa ba ya shiga gonar tare da Basharu da 'ya'yansa, mutane na tsaye daga nesa suna kallo. Kafin azahar hannunsa ya yi bororo ya fashe, bayansa ya ƙi miƙewa. Da aka ga sun wuni ba abin da ya taɓa su, sai 'yan ƙwadago suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. An tsira da abin da aka tsira da shi, gefen giginyu kuwa tsuntsaye sun gama da shi. Basharu bai yi masa faɗa ba, amma ya daɗe bai zauna kan bencin shagon ba.

Muzzammil ya zo ya durƙusa yana ba da haƙuri. Ɗanladi ya dube shi, ya rasa ƙarfin faɗa, ya ce ya tashi ya je ya gyara inuwar aikinsa. Bai bar koyarwa ba, sai dai bai ƙara sa wurin da wani zai gane a cikin darasi ba.

Hoton kam bai mutu ba. Duk damina sai ya sake fitowa da sunan wani gari. Bara a cikin bas wani fasinja ya taɓa shi ya nuna masa, ya ce a garin surukansa abin ya faru. Ɗanladi ya karɓi wayar, ya lura belbelar ta ɗan fi sauran hoton haske, abin da bai gani ba a lokacin. Ya mayar masa, ya ce Allah ya kiyaye, ya jingina kai jikin taga ya lumshe ido.